Hagu Kaɗan, Mai Hoto

Kwamfutar Mai Hoto tana da allo biyu da mugun hali guda. Allo na farko ƙarami ne, yana kan teburinsa, a nan yake gyaran hotuna: ya goge wa ango ƙurji, ya rage wa mai neman aiki jan ido. Na biyun babba ne, an kafa shi a tagar shagon yana kallon titi, aikinsa ya riƙa nuna amare da 'yan makaranta ɗaya bayan ɗaya don masu wucewa su yi sha'awa. Babban ɗansa ne ya haɗa masa su kafin ya koma garin da yake aiki, ya kuma bar masa gargaɗi ɗaya: kada ya kuskura ya taɓa wayoyin da ke baya.

Mugun halin kuwa shi ne, duk safiya idan aka kunna ta, shafin shiga, wato inda mutum zai zaɓi sunansa ya rubuta kalmar sirri, ba ya fitowa a kan tebur. A taga yake fitowa, ya ba mai shagon baya ya fuskanci jama'a. Allon tebur sai ya tsaya toka-toka, babu komai a kansa sai 'yar kibiya, ita ma da an ja linzamin kwamfutar zuwa dama sai ta fice ta gefe ta ɓace. Da zarar an shiga, komai yana komawa mazauninsa. Shigar ce aiki. Sunaye uku ne a shafin, nasa da na ɗan da na baƙo, wayar linzamin kuma ba ta kai kamu biyu ba. Mutum ɗaya ba zai tsaya a titi yana gani, ya kuma zauna a tebur yana dannawa ba.

Makon farko sintiri ya yi. Ya ɗan ja linzami, ya fita ya duba, ya dawo ya ƙara ja. Ranar da abin ya zo masa da sauƙi sau tara ya fita. Tela, wanda shagonsa ke manne da nasa, ya leƙo ya tambaye shi ko likita ne ya rubuta masa wannan tattaki.

A mako na biyu ya manta tabarau ɗinsa a gida, matarsa ta biyo shi da shi.

Malama ake ce mata, har shi mijin. Shekara ashirin da shida ta yi tana shugabancin makarantar firamare, tana da irin muryar da ke tsayar da yara ɗari huɗu a fili ba tare da an ɗaga bulala ba. Da ta yi ritaya sai muryar ta rasa abin yi. 'Ya'ya sun watse, gida ya yi musu yawa. Ba faɗa suke yi ba, faɗa ma ai hira ce. Magana ce ta ƙare musu yadda gishiri ke ƙarewa a gida, ba wanda ya lura sai da baki ya faɗa. Shekara talatin da huɗu da aure, hirarsu ta koma ka dawo, na dawo, an kawo wuta, an ɗauke. Shagon nan kuwa, in ta taɓa shigarsa sau biyar, to da ranar da aka buɗe shi aka ƙirga.

Ta same shi a fita ta shida, yana haki. Ta tsaya a gaban tagar da tabarau a hannu, ta dubi allon, ta dube shi, irin duban da take yi wa yaron da ya riƙe fensir a juye. Ta ce ya koma ciki ya zauna, ya bar ƙofa a buɗe.

"Taho. Taho. Sama. Ka wuce. Hagu kaɗan, Mai Hoto. Tsaya nan. Danna."

Ya danna, ya rubuta kalmar sirrinsa a makance, sai ga teburinsa ya haskaka. Minti ɗaya bai cika ba. Ta miƙa masa tabarau, ta ce gobe ƙarfe nawa yake kunnawa, don ba za ta bari a riƙa yi wa gidansu dariya a titi ba.

Tun daga ranar suke fitowa tare. Abin ya ɗauke su kwanaki kafin su daidaita, saboda tana fuskantarsa ne, in ta nuna da hannu sai ya bi hannun ya tafi kishiyar inda take so. Ta kafa masa doka: kunne zai bi, ya daina kallonta. Rabin dokar kawai ya bi. Akwai ɗan sararin gilashi a gefen babban allon, bai fi faɗin littafi ba, ta nan yake hango ta, fuskarta a ɗage, goshinta a tattare, tana bin kibiya da ido kamar ran wani ya rataya a kai.

Titi ya saba da su. Tela ne ya raɗa mata Kwandasta, wai yadda take cewa taho, taho, tsaya, ko babbar mota za ta iya shigarwa lungu da baya. A bayan idonta yake faɗa, don shi ma ɗalibinta ne a da, har yau in ta gaishe shi sai ya ajiye almakashi. Mai kemis na tsallaken titi ya daina duba agogo, in ya ji "danna" ya san takwas ta yi. Wani lokaci Mai Hoto yakan kauce da gangan, ya kai kibiyar kan sunan baƙo, don kawai ya ji ta ce shekarunta a aji ba ta ga mai taurin kai irinsa ba.

Da farko tana gamawa take juyawa gida. Sannu a hankali ta fara tsayawa ta ga hotunan taga sun fara wucewa, daga nan ta fara ba su maki. Wannan amaryar an cika mata hoda. Wannan yaron an sa shi murmushi dole, dubi idonsa. Shi kuma ya kare aikinsa, ta rushe kariyar, ya kawo wata. Ta fara zuwa da shayi a fulas, kofi biyu. Gardamar da suka fara a shago sukan ƙarasa ta a gida da yamma, wani lokaci har ta kwana ta tashi da su.

Akwai kuma abin da ba ta sani ba. Tsakanin danna da hasken tebur akwai 'yan daƙiƙoƙi da kwamfutar ke tunani, Malama kuma ba ta ɗauke ido daga allon sai ta tabbatar an shiga. A wannan tsakanin yake ɗaga kyamara ya ɗauke ta ta ɗan sararin gilashin. Kullum ɗaya. Ya buɗe musu jaka ta musamman a cikin kwamfutar, ya sa mata suna Rasit, don ya san ba mai buɗewa. Mutumin da ya shekara arba'in yana ce wa baƙi su ɗago haɓa su saki fuska bai taɓa iya ce wa matarsa ta tsaya ya ɗauke ta ba.

Wata goma sha huɗu ana haka, sai Auta ta zo hutu.

Auta ita ce ƙaramarsu, aikinta kula da kwamfutocin wani kamfani, guda sittin da wani abu, kuma tana da cutar duk masu irin aikin: ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce. Ta raka su shago da safe, ta ga uwarta ta gyara tsayuwa a bakin titi tana ba da umarni, ta ga Tela yana kwaikwayonta daga bayan labule. Ta yi dariya har ta dafa ƙofa. Da ta gama sai ta ɓata rai. Wata goma sha huɗu, Mama tana tsayuwa a rana da ruwan sama, kan abin da bai fi aikin minti biyar ba? Me ya hana a kira ta? Ta ce yayanta zai ji daga gare ta.

Mai Hoto ya ce yayan nata ya hana a taɓa. Ta ce yayan ne ya ɓata ai. Ya ce yau akwai aiki da yawa, a bari sai gobe. Gobe ta yi, ya ce wuta tana rawa, kada a ƙona wani abu. Malama tana jin su tana zuba shayi. Ya saci kallonta ko zai ga alamar tana bayansa, bai ga komai ba. Fuskar da ta yi shekaru tana karɓar masu duba makarantu ba ta karantuwa.

Rana ta uku wata mata ta kawo tagwaye a ɗauke su hoton fasfo, ya shiga ɗakin ciki yana fama da su, ɗaya na kuka ɗaya na barci. Da ya fito ya tarar da Auta a kujerarsa tana karkaɗe hannu.

Ta yi masa bayani dalla-dalla, cikin jin daɗin wadda ta yi wa iyayenta alheri. Tsarin da yayanta ya yi, na cewa tebur ne babban allo, a cikin sunan Baba ya ajiye shi, kwamfutar ba ta karanta shi sai an shiga. Kafin a shiga ba ta san kowa ba, allon da ta fara cin karo da shi take ba shafin. Yanzu ta rubuta mata layi ɗaya tak: duk allon da aka soka wayarsa a ramin ƙasa na bayan kwamfutar shi ne babba, tun daga kunnawa har kashewa. Ta ma manna 'yan takardu a jikin wayoyin da ramukan, ɗaya TEBUR ɗaya TAGA, don kada wani ya rikita. Ta kashe, ta kunna. Sai ga sunaye uku a gabansa, a kan tebur, ƙato-ƙato, ba kunya.

Ya yi mata godiya irin wadda ake yi wa mai cire haƙori.

Malama ta ce, "To, madalla. Na huta." Ta rufe fulas.

Washegari ya shirya, ya tsaya a bakin ƙofa yana laluben makullin da ke hannunsa. Tana zaune da rediyo, ba ta sa takalmi ba. Ta ce a dawo lafiya. Ya ce Allah ya sa. Hanyar da suke yi a minti goma sha biyar suna musu ta zame masa doguwa, ya kuma isa da wuri. Ya kunna, ya danna, ya rubuta. Daƙiƙa huɗu. Ya zauna yana kallon teburin da ya haskaka, bai san abin da ake yi da ragowar safiya ba. Mai kemis ya makara buɗewa. Tela ya leƙo ya tambaya ko Kwandasta lafiya, aka ce masa an gyara. Ya ce kash, sannan ya tuna ya ce barka.

Da yamma aka koma ka dawo, na dawo. Auta ce ke cika gidan da surutu, tana ba da labarin gyaran a waya, tana ƙara masa gishiri. Yara suna gyara wa iyayensu abubuwa da zuciya ɗaya, shi ya sa ba a iya yi musu faɗa.

Kwana biyu ya yi haka. Ba shi da aikin kirki sai buɗe jakar Rasit a manhajar gyaran hoto, yana bin safiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya san abin da ya kamata ya yi, kalma uku ce ko huɗu, a faɗa wa mace a kan tabarmar gidanta. Ya gwada su a zuci sau da yawa, kowane karo sai su yi masa kama da maganar yaro. Ran nan ya kashe kwamfutar da jakar a buɗe, ya tafi tasha ya sa Auta a mota.

Da safe ya zo shago shi kaɗai, ya rufo ƙofa. Duk allon da aka soka a ramin ƙasa, in ji Auta. Ya durƙusa a bayan tebur, gwiwoyinsa suna ƙara, ya karya dokar ɗansa da gyaran 'yarsa a lokaci guda: ya zare TEBUR ya soka a ramin TAGA, ya zare TAGA ya soka a ramin TEBUR. Ya kunna. Allon tebur ya tsaya toka-toka. Bai taɓa ganin launi mai kyau kamarsa ba.

Ya kira gida, ya sa muryar jimami. Ya ce abin nan fa ya dawo, ga shi Auta ta tafi, aikin yaran zamani ke nan. Malama ta ce kada ya taɓa komai, tana zuwa.

Minti goma sha biyu ta yi a hanyar minti goma sha biyar, har da fulas.

"Taho. Sama. Ka wuce, kullum sai ka wuce. Hagu kaɗan. Danna."

Tela ya fito da tef a wuya yana washe baki. Mai Hoto ya rubuta kalmar sirri yana jin kansa kamar wanda ya ci jarrabawa da satar amsa ba a kama shi ba. Har ya kai hannu ga kyamara, sai teburinsa ya haskaka da abin da bai zata ba: amarya mai yawan hoda, ta wuce, yaro mai murmushin dole ya biyo ta. Hotunan taga ne suke yawo a gabansa. Ya ja linzami, babu kibiya. Bai yi lissafin cewa layin Auta bai tsaya a shafin shiga ba. Taga ta zama babban allo tun daga kunnawa har kashewa, duk aikinsa ya koma titi.

Ya ɗaga murya ya tambaye ta me take gani a can. Ta ɗan sararin gilashin ya ga ta matso kusa, ta sa nata tabarau.

"Ba komai," ta ce. "Kibiyar tana nan. Ƙasa kaɗan. Danna sau biyu."

Ya danna.

"Sake."

Ya sake. Ya tambaya ko ya gyaru, ta ce saura, ya ci gaba. Yana dannawa tana cewa sake, muryar tana raguwa, har ta koma irin wadda bai ji ba tun suna haya a ɗaki ɗaya. Mai kemis ya tsallako titi da farar rigarsa. Wasu mata biyu masu zuwa kasuwa suka ajiye kwanduna. Tela ya daina dariya, ya cire hula yana sosa kai. Wani ya ce kai, wannan ta fi. A danna ta ashirin da wani abu Mai Hoto ya tuna cewa manhajar gyaran hoto tana buɗe kanta da abin da aka bari a cikinta, ya kuma tuna abin da ya bari.

Ya fito a hankali, kamar mai zuwa ofishin shugabar makaranta.

Ga ta nan ta cika taga, ta fi ƙofa faɗi. Ranar ruwan sama ce, lema a hannu ɗaya, ɗayan ya miƙe yana nuni, bakinta a buɗe kan kalmar tsaya, ɗigon ruwa a gilashi duk sun kama haske. Ƙasan allon kuma ga sauran a jere ƙanana-ƙanana, ɗari uku da wani abu. Malama da mura. Malama tana dariya ranar da ya shiga sunan baƙo. Malama ta juya tana harar wani mai babur. Babu hoda, babu ɗago haɓa. Ya shekara arba'in yana sana'ar nan, ya san bai taɓa yin aikin da ya kai su ba, ya kuma san yau asirinsa ya tonu a gaban mai kemis.

Ta tambaye shi wannan yaushe ne. Ya faɗa mata ranar da watan, har da abin da suka yi musu a kai. Ta ce a musun ita ce da gaskiya. Ya ce haka ne.

Ta wuce shi ta shiga shagon, ya bi ta. Ta zagaya bayan tebur, ta sunkuya, ta daɗe tana duban 'yan takardun Auta. Ta tambaya wa ya taɓa wayoyin. Ya ce wataƙila ɓera ne, sun yi yawa a layin nan.

"Ɓeran bai iya karatu ba," ta ce. "An rubuta masa TEBUR ɓaro-ɓaro ya kai taga. Da ajina ya zo da ya maimaita shekara."

Ta miƙe ta kakkaɓe zaninta. Idonta ya yi ja, ta ce ƙurar bayan teburin ce, shago kamar ba a shara.

"Kwana biyu ina zaune da takalmi a gefen kujera," ta ce. "Da ka ce in zo, da na zo."

"Ke ma ai cewa kika yi kin huta."

"A gaban yarinya me kake so in ce?"

Ya dubi ƙofa. Tela da mai kemis da matan kasuwa duk sun ba da baya suna nazarin sararin sama, kunnuwansu a shago. Ya rage murya iya yadda zai iya.

"To, ki riƙa zuwa."

Ta ce ba ta ji ba, shekaru sun taɓa mata kunne. Sai da ya faɗa da ƙarfin da mai kemis ya ce amin.

Ita ta tsaya a kansa ya mayar da wayoyin, TEBUR a TEBUR, TAGA a TAGA, ta ce aikin 'yarta mai kyau ne, ba za a lalata shi don tsoho ya kasa buɗe baki ba. Suka sha shayin da ya fara hucewa, suka ba Tela a murfin fulas. Kafin azahar ta sa an fito da kujerar da ake zaunar da amare daga ɗakin ciki an ajiye mata a gefen tebur, ta kuma bi jakar Rasit tun daga farko tana ba da maki. Goma sha ɗaya ta ce a goge. Ya ce to, bai goge ba.

Washegari suka fito tare, suka yi musu a hanya kan ko ɓera yana cin waya. Shiga ta ɗauki daƙiƙa huɗu, ta ce ko a hakan yana da nawa, yatsa ɗaya kamar kaza na tsattsagar hatsi. Sannan ta fita ta tsaya a gaban tagar, a daidai inda ta saba, ta gyara mayafi, ta ce in zai ɗauka ya ɗauka tana sane, kamar mutanen kirki.

Shi ne hoto na farko da ta kalli kyamara. Ta ƙame, ta tsuke baki kamar masu duba makarantu sun shigo. Ya faɗa mata gaskiya, ya ce duk cikin ɗari ukun babu mara kyau kamarsa. Ta ce shi za a sa a taga.

Yana nan a tagar, tsakanin amarya mai hoda da tagwayen fasfo. Duk minti huɗu yake zagayowa, in ya zo Tela yakan ajiye almakashi.